Jikin Yaro Ba Ya Jira

 Da ku nake, samarin jiya da kuka zama magidanta, da amaren jiya da yau kuke goye da 'ya'yan fari, a Morai da Talatar Mafara da Bakura da Maradun da ƙauyukan da ke tsakaninsu. Na tsufa a kan aikin duba yara marasa lafiya, kuma akwai abubuwan da ido ya gani ya sake gani, har ya zame mini wajibi in faɗa muku tun kuna da damar amfani da su. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 187 ba sa kaiwa shekara 5. Kusan ɗaya cikin biyar ke nan. In kun bi gida-gida kuna tambayar abin da ya ɗauke su, amsar ba za ta wuce abin da kuka sani ba: zazzaɓi, gudawa, ciwon haƙarƙari, ƙyanda, tamowa, da laluran makon farko na haihuwa. Duka sanannu ne, duka suna da magani ko rigakafi, kuma kuɗin maganin yawancinsu bai kama ƙafar kuɗin ragon suna ba. Rai na Allah ne, ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi. Amma wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, ya kuma hore mu da nema. A iya abin da na gani, babban abin da ke raba yaron da ya tashi da wanda aka rasa shi ne lokacin da aka kawo shi.

Ga dalili. Babba yana da ajiya a jikinsa, ta jini da ruwa da tsoka, shi ya sa zai yi kwana uku da zazzaɓi yana zuwa gona. Ƙaramin yaro ba shi da wannan ajiya. Gudawar wuni ɗaya tana iya tsotse ruwan jikinsa, zazzaɓin kwana biyu yana iya shanye masa jini. Abin da babba zai ce a bari a gani zuwa gobe, a wurin yaro goben tana iya yin nisa. Duk sauran maganar da zan yi muku a kan wannan take tsaye.

Mu fara daga ciki, tun kafin a haihu. Ke ɗiyata, awo ba na mai ciwo ba ne kawai. A can ake ba ki maganin ƙarin jini, da allurar da ke kare jaririnki daga ciwon sarƙewar haƙora, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, a kuma auna hawan jini tun bai kai ga jijjiga ba. Ki fara zuwa da wuri, ki kuma yi ƙoƙari ki haihu a hannun wadda ta koyi aikin. Da zarar an haihu, a goge jariri a ɗora miki shi a ƙirji, fata da fata, a lulluɓe ku tare, ki ba shi mama cikin sa'ar farko. Ruwan nonon farko mai kauri, dakashi, wanda a wasu gidaje ake matsewa a zubar, cike yake da abubuwan da ke kare hanjin jariri daga cuta, kuma babu inda ake sayar da irinsa. Wanka ya jira sai an kwana, domin sanyi na saurin kama ɗan jinjiri, balle wanda bai cika wata tara ba.

Cibiya ƙofa ce a buɗe. A yanke ta da sabuwar reza, a shafa mata maganin nan na chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti, wanda jihar Sakkwato maƙwabciyarmu ta fara rabawa gida-gida a 2013. Toka da man goge baki da gashi da tsumma mai zafi, a bar su. Ta nan ƙwayar cuta ke shiga, bayan 'yan kwanaki jariri ya daina kama mama, baki ya sarƙe, jiki ya sandare, a ce iska ce. Haka kuma maganar cire beli. Ina ganin girman wanzamai, sana'arsu gado ce, kuma askin suna da sabuwar aska ba shi da laifi. Amma belin nan halittar Allah ce, ba ya hana haɗiya, ba ya kawo amai. Jinin jariri gaba ɗaya bai wuce kimanin rubu'in lita ba. Ɗan abin da zai zuba daga maƙogwaronsa, wanda a idon babba ba komai ba ne, a wurinsa rabin rai ne, kuma na ga waɗanda aka kawo fari fat bayan an yi musu.

Ku kula da launin jariri a makon farko, a cikin hasken rana. In ido da fata suka yi rawaya tun ranar farko, ko rawayar ta sauka har tafin hannu da na ƙafa, shawara ce mai haɗari, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa ta bar yaro da kurumta ko sanƙarewar gaɓoɓi. Shanya shi a hantsi ba ya maganinta, akwai fitila ta musamman da ake sa shi a ƙarƙashi a asibiti. Ƙwallon kafur da ake zubawa a akwatin kaya yana farfasa jinin wasu jarirai ya tsananta shawarar, don haka a nisanta shi da kayan jariri. Jaririn da ya ƙi kama mama, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya yi laƙwas, ko cibiyarsa ta yi ja tana wari, a tafi da shi a ranar, ko da ba a yi suna ba. Zaman jego ba ya hana zuwa asibiti.

Na san ba ke kaɗai ke yanke hukunci a ɗakinki ba, ɗiyata. Ga Inna, ga uwar miji, ga gwaggo, kuma kunyar ɗan fari ta hana ki buɗe baki. Waɗannan iyaye ƙauna ce ke sa su yin abin da suke yi, da abin da suka tarar suka rene mu. Kai ɗana, maganar ta fi sauƙi a bakinka. Ka zauna da mahaifiyarka tun ciki na ƙarami, cikin ladabi, ka ce mata, “Inna, ga abin da malaman asibiti suka ce, ina so ki taya mu riƙe shi.” In da hali, ta raka matarka awo ta ji da kunnenta. Kakar da ta gamsu ta fi kowa tsaron jikanta.

Wata shida na farko, mama zalla. Na san zafin bazararmu, na san yadda zuciya ke raya wa uwa cewa jariri na jin ƙishi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ruwan nono ruwa ne, tatacce, wanda ya fi na kowace randa tsabta. Uwa ta sha ruwa ta ƙoshi, ta ƙara ba shi mama. Ruwan rijiya da jiƙo da bauri suna cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, nono ya ragu, gudawa ta samu hanya. Zuma ma a jinkirta masa ita sai ya shekara, domin takan zo da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya kashewa ba. In an kawo wani abin sha don neman tsari, uwa ta sha, shi kuma a tofe shi da addu'a.

Sai rigakafi, kuma a nan zan yi muku magana ƙeƙe-da-ƙeƙe. Tsoron da iyayenmu suka yi yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan tabo na cikin abin da ya sa a 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohin Arewa, har da tamu. Abin da ya biyo baya shi ne cutar ta ƙara yaɗuwa, ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama, yara suka gurgunce. Da sarakuna da malamai suka shiga gaba, daga baya ma ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka dawo aka karɓa, har ran 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar cewa ainihin ƙwayar shan inna ta daji ta kau daga Afirka. Yaran da aka yi wa ɗigon nan a wancan lokaci, da yawanku ne, kun yi aure, ga ku da 'ya'ya.

Duk da haka binciken 2018 ya tarar cewa a Zamfara da Sakkwato, ko yaro ɗaya cikin 10 bai kammala alluransa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sanƙarau ɗin da ya kashe fiye da mutum 1,000 a ƙasar nan a 2017 daga Zamfara ya taso, mashaƙo kuma ya addabi Kano a 2023, ya fi kama yaran da ba a yi wa allura ba. Lokutan ba su da wuyar riƙewa: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, sai wata 15 don ta ƙyanda ta biyu. Kyauta ake yi a asibitin gwamnati. Ɗan zafin jikin da ke biyo bayan allura kwana ɗaya ne ko biyu, ya wuce. In an tsallake wata, ba sai an faro daga farko ba, a ci gaba daga inda aka tsaya. A adana katin inda ake adana takardar gona. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya yi mana baiwar ruwa. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun ke noman rani, shinkafa da alkama da dankali da kayan miya. Amma inda ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida, shi ya sa a wurarenmu zazzaɓi ba ya jiran damina. Gidan sauro mai magani na kan shimfiɗar yaro ne da mai ciki, kowane dare, ba na kewaye lambu ba. Da damina ana bi gida-gida da maganin kariya na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata. Na kwana uku ne: mai rabo ya ba da na ranar farko, na kwana biyun da suka rage amana ce a hannunku. Yaran da suka tasa kuma, masu iyo a magudanan ruwa, in kun ga jini a fitsarinsu, tsargiya ce, ba alamar balaga ba, kuma ƙwayar magani ce ke kashe ta.

In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi a ɗan tsaga yatsa a gwada jini a ranar. Gwajin bai wuce minti 20 ba. In zazzaɓin sauro ne, maganin na kwana uku ne, safe da yamma, kuma a shanye shi duka ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Ragowar da ake ɓoyewa don ƙanensa ita ce ke dawo da ciwon. Sayen ƙwaya biyu-uku a kemis ko a tiren mai talla, a haɗa da allurar da ba a san ta mece ce ba, yana kwantar da zafi ne kawai, ƙwayar cutar na can tana cin jini. Ku riƙa duba tafin hannun yaro da cikin fatar idonsa. In sun yi fari, jini ya yi ƙasa. In jijjiga ta zo, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada a kara ƙafarsa a wuta ko a turara masa hayaƙi. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa kaya, a kama hanya. Addu'a kuwa a yi ta ana tafiya.

Gudawa ita ce aka fi renawa, domin an saba cewa haƙori ne. Fitar haƙori tana sa yaro dalala da ƙaiƙayin dasashi, amma ba ta sa zawo. Abin da ke faruwa shi ne lokacin haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe, yaro na kai duk abin da ya tsinta baki. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani maganin haƙori mai suna My Pikin ya gurɓace da guba, ya lalata ƙodar yara, 84 suka rasu, har da na jihar Kaduna. Iyayensu sauƙi suka je nema wa 'ya'yansu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Abin da ke kisa a gudawa ƙarewar ruwa ce, don haka maganinta mayar da ruwa: garin gishiri da sukari na ORS, a dama shi a tsabtataccen ruwa daidai yadda aka rubuta a jikin ledar, a riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, tare da ƙwayar zinc kullum har kwana 10 zuwa 14. Kada a tsayar da mama, kada a hana abinci. In maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, fitsari ya ɗauke, ruwa ne ya ƙare; shafa wani abu a ka ba ya ɗago ta. A wanke hannu da sabulu bayan an yi wa yaro tsarki da kafin a ba shi abinci, kashinsa kuma a zuba shi a masai.

Akwai wani awo da kowane uba zai iya yi da agogon wayarsa. In yaro na tari, ka ɗaga rigarsa yana kwance lafiya, ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ƙasa da wata 2, in ya kai 60. Daga wata 2 zuwa shekara, in ya kai 50. Daga shekara zuwa 5, in ya kai 40, to ciwon ya sauka huhu. In ƙasan awazzansa na lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja numfashi, abin ya tsananta. Maganin tari na kwalba da man zafi ba sa kaiwa can. Alamu huɗu kuma ku haddace su, kowane irin ciwo ne: yaro ya kasa sha ko tsotso, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ko ya yi nauyin barci ba ya farkawa sosai. Ɗaya daga cikinsu ta isa a tashi.

Daga wata shida mama kaɗai ba ya isa, kuma a nan ne yara da yawa ke fara komawa baya. Koko tsararo yana cika ciki ne, ba ya gina jiki. A dama kunu mai kauri na gero da aka niƙa tare da soyayyen waken suya da gyaɗa, a ɗiga mai. A ba shi wake da aka murje, da kabewa, da zogale, da kifin da aka cire wa ƙaya, da hanta in an samu, da ƙwai. Ƙwai ba ya koya wa yaro sata. Gidan da ke da kaji, a rage ɗaya daga na kaiwa kasuwa. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, domin in ya sa hannu tare da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun suɗe. Sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani, mama kuma ya ci gaba har shekara 2 kamar yadda addini ya kwaɗaitar. Yayen rana ɗaya, a ɗauke yaro a kai shi gidan kaka, yana haɗa masa rashin mama da rashin uwa lokaci guda, sai ya ƙi abinci. A janye a hankali. In ciki ya shiga ana goyo, nonon bai zama guba ba, uwa ce ke bukatar ƙarin abinci. Amma ku yi shawara tsakaninku ku ba da tazarar shekara 2 kafin wani ciki, don kwanika tana cin uwa da na goye da na ciki.

Tamowa ciwo ne, ba abin kunya ba ne, kuma ba maita ba ce. Akwai ɗan zaren awo mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro: in ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, yana cikin haɗari. Ku danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa. In rami ya zauna, kumburi ne, ba ƙiba ba. Maganin ya samu. Abincin nan na leda mai gyaɗa da madara, Plumpy'Nut, a Maraɗi aka fara ganin ƙarfinsa sosai a yunwar 2005, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, yawancinsu suna gidajensu. Ana ba da shi a wurarenmu, kuma a Babban Asibitin Talatar Mafara ana kwantar da waɗanda abin ya tsananta musu. Magani ne da aka auna wa yaro ɗaya. Raba shi da sauran yara ko sayar da shi a kasuwa, ko da talauci ne ya sa, yana mayar da mai shi inda ya fito. Ku riƙa leƙa bakin yaron da ya rame ko ya tashi daga ƙyanda. Dasashi mai jini da wari da kumburin kunci na iya zama farkon cutar da likitoci ke kira noma, wadda ke cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki. A farkonta maganin ƙwayoyin cuta yana tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999.

Yanzu kai ɗana mai zuwa haƙar zinari, matso kusa. Ban ce ka bar neman halalinka ba. A watan Maris na 2010 aka gano yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. An zaci sanƙarau ne ko zazzaɓi, ashe gubar dalma ce. Dutsen zinarin yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi gida a daka a turmi, a niƙa, a shanya a tsakar gida, ƙurar ta bi ƙasa inda yara ke rarrafe. Kimanin yara 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bincika, an tarar rubu'in yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun mutu cikin shekara ɗaya. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, ƙauyen Bagega ma sai 2013 aka yi nasa. Magani yana rage dalma a jini, amma abin da ta lalata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu sun tashi da rauni a gani ko ji ko fahimta. Don haka dutse ya tsaya a daji. Kada ya shiga turmin gida ko injin niƙan hatsi. Ka yi wanka ka sauya kaya da takalmi kafin ka ɗauki ɗanka, kada mai ciki ko mai goyo ta je wurin niƙa. Ke kuma ɗiyata, dutsen kwalli na gargajiya shi ma dalma ne a cikinsa. Idon jariri kyakkyawa ne yadda Allah ya yi shi, a bar shi haka.

Rayuwa kaɗai ba ta isa ba, muna so su tashi da basira. Kowane manomi a nan ya san shukar da ta wuce lokacinta, ko an zuba mata taki buhu-buhu, ba ta kamo ta ruwan farko. Haka ƙwaƙwalwa take: mafi yawan girmanta daga ciki ne zuwa shekara 3, kuma abinci da magana da wasa ne ke gina ta. A ƙasar Jamaika, a shekarun 1980, an riƙa ziyartar yaran da tamowa ta tsumburar ana koya wa iyayensu mata wasa da hira da su. Bayan shekara 20 aka tarar abin da suke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kimanin rubu'i. Iyayenmu sun san wannan da tawai da tatata da tatsuniyar dare. Ku yi wa jariri magana tun bai iya amsawa ba, ku kira masa sunayen abubuwa, ku amsa gwarancinsa. Kai uba, kunya ba ta hana ka ɗaukar ɗanka. Waya ba ta reno. Ɗan ƙasa da shekara 2 fuskar mutum yake bukata. Ku lura da matakai: murmushi wajen wata 2, zama kafin wata 9, tafiya kafin shekara ɗaya da rabi, haɗa kalma biyu wajen shekara 2. Yara sun bambanta, amma wanda ya wuce waɗannan, ko ba ya waiwayar ƙara, a kai shi a duba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san halin da muke ciki. Akwai hanyoyin da ba sa biyuwa bayan magariba, akwai ƙananan asibitocin da ma'aikata suka bari saboda 'yan bindiga, akwai waɗanda aka raba da gonakinsu. Wannan ya ƙara wa maganata nauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya wuni da zazzaɓi, a yanke shawararsa da rana tsaka, kada a bari dare ya yanke muku. A ajiye ORS da zinc a ɗaki. A ware ɗan kuɗi, ko akuya ɗaya, da sunan lafiyar yara. Ka san mai babur ɗin da za ka kira, ka san asibitin da ke da ma'aikaci da dare, ka san rukunin jininka, domin wata rana kai za a nema ka ba ɗanka. Kafin ka tafi ci-rani ko kasuwa mai nisa, ka ce wa matarka a gaban mahaifiyarka, “Duk ranar da yaro ya yi ciwo, na ba ki izini, ki kai shi, kada ki jira ni.” Na ga uwaye da suka zauna da yaro a cinya kwana biyu suna jiran waya ta shiga. Wannan magana guda tana iya zama sanadin ran ɗanka. Maƙwabta kuma ku haɗa asusu, ku riƙa leƙa juna, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A asibiti ku yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Mene ne ke damunsa, sau nawa zan ba shi, kwana nawa, wace alama zan gani in dawo? Haƙƙinku ne a amsa muku. In kun riga kun ba da wani magani a gida, na kemis ko na gargajiya, ku faɗa ba tare da tsoro ba, sanin hakan yana taimakon mai duba shi. Wanda kuma Allah ya jarrabce shi da rashin ɗa, kada ya ɗauki maganata zargi. Ya yi abin da ya sani a lokacin, Allah ya sa mai ceto ne. Na bayansa nake roƙa wa. Kuna da karatu da waya da asibitoci da iyayenku ba su samu ba, saboda haka abin da za ku iya tsarewa ya fi nasu yawa. Allah ya raya muku zuriya, ya ba su lafiya da ilimi mai amfani, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.